Yadda ake lissafa karɓa-karɓar sojojin ruwa tsakanin teku da tudu

Wani ɗalibi da ke shekarar ƙarshe a fannin lissafi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi ya aiko da tambaya. Yayansa sojan ruwa ne, ya daɗe a cikin jirgi, iyali suna ta zuba ido a sauke shi zuwa ofis ko bariki, shi kuma ɗalibin yana so ya yi binciken kammala digirinsa a kan wannan al'amari. Yana son ya san ko akwai hanyar lissafi da ake bi wajen yanka wa'adin da soja zai yi a teku da wanda zai yi a tudu, ko kuwa ganin damar manya ne kawai, kuma idan akwai, ta ina zai fara.

Akwai hanyar, ƙanena, kuma ka zaɓi batu mai kyau, domin yana cikin wuraren da lissafi ke taɓa rayuwar mutane kai tsaye. Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, shugabannin runduna ba su da cikakken 'yanci wajen yanka wa'adin teku, ko da sun so su kyautata wa na ƙasa da su. Yawan guraben aikin da ke cikin jirage, da yawan waɗanda ke kan tudu, da yawan mutanen da ke ci gaba da aiki bayan sun ɗanɗana teku, waɗannan abubuwa uku ne ke tilasta wa wa'adi tsawon da yake da shi. Duk ƙa'idar da aka fitar wadda ta saɓa wa waɗannan alƙaluma a takarda za ta tsaya, sojan da aka yi wa alkawarin shekara biyu kuma ya wayi gari yana shekara ta huɗu a jirgi, saboda babu wanda zai karɓe shi.

Rundunar Sojojin Ruwa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1956, tana tsaron gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, kuma an raba ayyukanta na fagen daga zuwa shiyya uku: ta yamma mai hedikwata a Apapa da ke Legas, ta gabas a Kalaba, ta tsakiya a Yenagoa. Bayan jirage akwai babbar hedikwata a Abuja, da makarantar horar da kurata a Onne ta Jihar Ribas, da wurin gyaran jirage a Legas, da asibitoci da rumbunan kayan aiki. Waɗannan wurare na tudu suna buƙatar mutanen da suka san teku, domin wanda bai taɓa tsayawa a ɗakin inji jirgi yana tangal-tangal ba, ba zai iya koya wa kurata aikin yadda ya kamata ba. Shi kuma na teku yana buƙatar ya sauko ya huta, ya yi kwas ɗin ƙarin girma, ya ga iyalinsa. Daga nan karɓa-karɓar ta samo asali, kuma haka take a rundunonin ruwa da dama na duniya.

Tushen lissafin ƙa'ida ce mai sauƙi wadda wani masani Ba'amurke, John Little, ya tabbatar da ita a 1961: idan al'amura sun daidaita, yawan waɗanda ke cikin wani wuri daidai yake da yawan masu shiga a kowane lokaci, a ninka shi da matsakaicin lokacin da kowa ke yi a ciki. Makarantar sakandare da ke ɗaukar ɗalibai 100 duk shekara, kowa yana yin shekara 6, ɗalibai 600 za ka tarar a cikinta. Haka jirage suke, haka barikoki suke.

Bari mu ɗauki misali, kuma alƙaluman nawa ne na ƙirƙira don bayani, ba na wata runduna ba ne. A ce sana'ar masu kula da injin jirgi tana da gurabe 600 a teku da 400 a tudu, aka kuma yanka cewa wa'adin tudu wata 24 ne. Kenan duk shekara mutum 200 ne ke gama wa'adinsu a tudu su shirya komawa jirgi. Tunda waɗannan 200 su ne kaɗai za su iya karɓar na teku, mutum 200 ne kawai za a iya saukewa a shekara, kuma idan ka raba 600 da 200 za ka samu shekara 3. Wa'adin teku ya zama wata 36 ba tare da kowa ya zaɓe shi ba. Abin lura shi ne, yadda guraben teku suke a kan na tudu, haka wa'adin teku yake a kan na tudu: uku bisa biyu a nan, uku bisa biyu a can. Idan aka sayo sababbin jirage da suka ƙara gurabe 150 a teku, ba a kuma ƙara ko ɗaya a tudu ba, wa'adin teku zai tashi zuwa wata 45, ko da an ɗauki isassun mutanen da za su cike sababbin guraben. Shi ya sa duk lokacin da ka ji labarin isowar sabon jirgi, irin su NNS Kada da aka kawo a 2022, ka tuna cewa akwai lissafin mutane da ya kamata ya rako shi, kuma wannan lissafin ya fi na ƙarfe ɗaukar lokaci.

Akwai wasu mutane da wannan lissafi na farko ya ɓoye, kuma yawancin ɗalibai a nan suke tuntuɓe. Soja ba ya sauka daga jirgi yau ya zauna a kujerar ofis gobe. Akwai hutu, akwai tafiya da kwashe iyali, akwai kwas, akwai kwanakin miƙa aiki inda mutum biyu ke riƙe da gurbi ɗaya. A ce kowane canjin wurin aiki yana cin wata 3 a matsakaici. A misalinmu ana canji 400 a shekara, 200 masu sauka da 200 masu hawa, kenan a kowane lokaci mutum 100 suna tsakani, ba su teku ba su tudu. Sana'ar da ke da gurabe 1,000 tana buƙatar mutum 1,100 kafin guraben su cika. Yanzu a ce wani mai tausayi ya ba da shawarar a rage wa'adin gida biyu, teku wata 18, tudu wata 12, don kada kowa ya daɗe a jirgi a tashi ɗaya. Canje-canjen za su zama 800 a shekara, waɗanda ke tsakani su zama 200, ga kuɗin jigila ya ninka, ga jirgi kullum cike da baƙin da ba su gama sanin bututunsa da wayoyinsa ba. Kuma rabon rayuwar sojan tsakanin teku da tudu bai canza ba, yana nan uku bisa biyu. Gajarta wa'adi yana da amfaninsa, amma ba kyauta yake zuwa ba, kuma aikin samfurin lissafi ne, wato kwatancin tsarin da za ka gina da lambobi, ya nuna farashinsa.

Wurin da al'amarin ya fi nauyi a ganina shi ne guraben tudu da suka daina juyawa. A ce cikin guraben nan 400 akwai 100 da masu riƙe da su ba sa komawa teku. Wasu suna da uzuri na gaskiya, kamar wanda likita ya hana shi hawa jirgi, ko mai wata ƙwarewa da ba a samun madadinsa. Wasu kuwa, a kowace ma'aikata mai wurare masu daɗi da masu wuya, kamun ƙafa ne ke zaunar da su. Ko wane ne dalilin, sakamakon ɗaya ne a lissafi: guraben da ke juyawa sun koma 300, masu karɓar na teku sun koma 150 a shekara, wa'adin teku ya tashi daga wata 36 zuwa 48. Kowane ɗaya daga cikin mutum 600 ya ƙara shekara guda cif a jirgi saboda mutum 100 sun zauna. Haka kuma abin zai kasance idan aka mayar da waɗannan gurabe ga ma'aikata farar hula ko 'yan kwangila da sunan tsimin kuɗi. Idan samfurinka ya fito da wannan a fili, ka yi wa masu tsara manufa hidima ta gaske, domin alfarmar da ake yi wa mutum ɗaya ba ta cika bayyana ba sai an tara ta an raba a kan waɗanda ba su da uwa a gindin murhu.

Har yanzu mun ɗauka cewa babu mai barin aiki, kuma wannan ba gaskiya ba ne. Mu sake wani misali na ƙirƙira. Ana ɗaukar kurata 100 a shekara, kowa yana fara aiki da shekara 4 a teku, wato suna cike ƙananan gurabe 400. Rabinsu suna ci gaba da aiki, su yi shekara 2 a tudu, sannan su koma teku karo na biyu na shekara 3 a matsayin ƙwararru masu igiya, su cike manyan gurabe 150. Ka lura cewa waɗanda suka tafi bayan wa'adin farko ba su taɓa cin gurbin tudu ba, don haka tafiyarsu tana rage buƙatar guraben tudu, abin da ƙa'idar uku bisa biyu ba ta nuna ba. Amma idan masu tsayawa suka ragu daga 50 zuwa 40, ƙwararrun da ke teku za su koma 120. Ko dai a bar gurabe 30 babu kowa, ko a tsawaita wa'adi na biyu zuwa wata 45. Ɗaukar sababbin kurata ba zai magance wannan a yau ba, domin wanda aka ɗauka bana sai ya yi shekara 6, ban da lokacin horo, kafin ya kai matsayin da ake nema. Soja ba kamar kamfani ba ne da zai yi talla ya ɗauko babban ma'aikaci daga waje. Daga ƙasa ake rainon kowa.

To, ga inda igiyar ke zargewa. Idan aka tsawaita wa'adi don a cike giɓi, wasu ƙarin mutane za su gaji su nemi fita, giɓin ya ƙaru, a sake tsawaita wa'adi. Samfurin da ya ɗauki yawan masu tsayawa a matsayin adadi tabbatacce da ba ya motsi zai ba da shawarar da za ta yi kyau a shekarar farko ta kuma ɓata komai a ta biyar. Saboda haka wajibi ne ka rubuta yawan masu tsayawa a matsayin abin da ke sauka yayin da wa'adi ke hawa, ka gwada gangara mai sauƙi da mai tsanani, ka nemi wurin da tsarin ke daina farfaɗowa da kansa. A ƙasarmu ƙarancin aikin yi yana riƙe mutane da yawa a bakin aiki ko da sun gaji, kuma soja ba ya ajiye aiki ranar da ya ga dama, akwai sharuɗɗan da ya sa wa hannu. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Ƙwararren mai gyaran inji ko na'urorin lantarki yana da kasuwa a kamfanonin mai da jiragen 'yan kasuwa, kuma shi ne wanda rashinsa ya fi ciwo. Wanda bai fita ba ma, gajiyarsa tana bayyana ta wasu hanyoyi: yawan zuwa asibiti, neman hanyar kauce wa jirgi, da raguwar kulawa a bakin aiki.

Ina so ka ga abin da gurbi ɗaya da babu kowa yake nufi a cikin jirgi, don kada lambobin su zame maka lambobi kawai. A tsarin da aka saba, mutum uku ne ke karɓa-karɓar tsaron wuri ɗaya a ɗakin inji, kowa awa 4 a tsaye, awa 8 a sake, kuma a cikin awa 8 ɗin nan ne zai ci abinci, ya yi salla, ya yi gyare-gyaren da aka ɗora masa, ya halarci atisaye, sannan ya yi barci. Idan ɗaya ya tafi ba a kawo madadinsa ba, biyun da suka rage sukan koma awa 6 a tsaye, awa 6 a sake, dare da rana, har jirgi ya dawo. Mai irin wannan aiki ba ya samun barcin awa biyar a jere, kuma shi ne ke duba ma'aunin zafi da na mai a cikin ƙara da turiri. A 2017 jiragen yaƙin Amurka biyu sun yi karo da jiragen 'yan kasuwa: USS Fitzgerald a watan Yuni kusa da Japan, inda sojoji 7 suka mutu, da USS John S. McCain a watan Agusta kusa da Singafo, inda 10 suka mutu. Binciken da aka yi bayan nan ya ambaci gajiya da ƙarancin horo da yawan aikin da aka ɗora wa jiragen cikin abubuwan da suka taimaka wajen aukuwar haɗarin.

Game da kayan aikin lissafi, da sarƙar Markov za ka fara, wadda aka sa wa sunan masanin lissafi ɗan Rasha Andrey Markov. Za ka raba sojoji rukuni-rukuni gwargwadon sana'a da muƙami da inda suke, wato teku ko tudu ko kwas ko jinya, ka ƙara rukuni ɗaya na waɗanda suka fita. Sai ka zana jadawali mai nuna kashi nawa na kowane rukuni ke komawa wani rukunin a kowane zango, kowane layi jimlarsa ɗaya. Ka ninka yawan mutanen yau da jadawalin, ka ƙara sababbin kurata, ka samu yawan mutanen zango mai zuwa, ka yi ta maimaitawa har shekara 20. Manhajar Excel ta isa wannan, yaren shirya manhaja na Python kuma ya fi sauƙin faɗaɗawa.

Sarƙar Markov tana da rauni biyu a wannan aiki. Na farko, ba ta tuna baya: a wurinta wanda ya yi wata 2 a jirgi da wanda ya yi wata 34 damarsu ta sauka ɗaya ce, alhali wa'adi shi ne ainihin abin da kake nazari. Maganin shi ne ka sa tsawon zama cikin rukunin kansa. Idan ka ɗauki zango na wata uku-uku, wa'adin wata 36 zai ba ka rukuni 12, na wata 24 ya ba ka 8, idan kuma ka kasa muƙamai gida uku, rukuni 60 kenan ban da na kwas da na jinya. Wannan ya ishe ka, kuma shawarata ka tsaya a kan sana'a ɗaya, domin wanda ya ce zai rungumi runduna gaba ɗaya a binciken digirin farko ba zai gama ba. Rauni na biyu ya fi zurfi. Jadawalin Markov yana tura mutane gaba da kaso tabbatacce, ko akwai gurbi ko babu, amma a aikin soja gurbi ne ke jawo mutum: ba a ƙara wa wani girma sai kujera ta samu, ba a sauke na jirgi sai mai karɓarsa ya iso. Dole ka rubuta wannan sharaɗi da hannunka, cewa yawan masu sauka a kowane zango ba zai wuce yawan masu hawa ba. Da zarar ka sa shi za ka ga wa'adin gaskiya ya rabu da wa'adin takarda, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce babban sakamakon bincikenka.

Inda sana'a ƙarama ce, matsakaici ba ya faɗin gaskiya. A ce mutum 12 ne kawai a runduna suka iya gyaran wata na'urar hango jirage. Idan biyu suna jinya ɗaya kuma yana kwas a ƙasar waje, kashi ɗaya cikin huɗu na sana'ar ya tafi. A nan kwaikwayo a kwamfuta ake yi: a bi kowane soja shi kaɗai, a bar kwamfuta ta jefa ƙuri'a a kan rashin lafiya da fita da faɗuwa jarrabawa, a maimaita tarihin sau dubu, sannan a duba sau nawa jirgi ya rasa mai wannan aiki gaba ɗaya. Matakin da ke sama da wannan shi ne neman mafi kyawun wa'adi ta hanyar lissafin da ake kira linear programming, wanda George Dantzig ya samar da dabarar warware shi a 1947, inda za ka ce a rage guraben teku da babu kowa iyakar iyawa, bisa sharaɗin kada wa'adi ya wuce kaza, kada kuɗin jigila ya wuce kaza. Haɗa mutum da gurbi a kowane wata kuwa tsohuwar matsalar rabon aiki ce wadda Harold Kuhn ya ba da hanyar warware ta a 1955. Sai dai ka sani, nauyin da ka ba buƙatar jirgi a kan nauyin da ka ba zaɓin soja hukunci ne na ɗan'adam, kuma wajibi ne ka rubuta shi a fili a cikin rahotonka, kada ka bar shi a ɓoye cikin lambobi kamar kwamfuta ce ta yanke.

Akwai abu ɗaya da ɗan Bauchi ko Gombe zai iya gani wanda marubucin da ke zaune a bakin teku zai iya tsallakewa, kuma ina roƙonka ka sa shi a aikinka. Rabon gurabe zuwa teku da tudu ba koyaushe yake nuna inda wahala take ba. Jirgin da ya shiga dogon gyara a Legas gurbin teku ne a takarda, amma ma'aikatansa da yawa suna kwana a gida. Sojan ruwan da aka tura sansanin Baga a bakin Tafkin Chadi, ko ƙaramin sansani a cikin fadamun Neja Delta, ba a kan babban jirgi yake ba, amma babu mai cewa hutawa yake yi. Rundunar ruwan Amurka ta gane wannan, shi ya sa take lissafa wasu wuraren tudu masu nisa a ƙasashen waje a matsayin aikin teku idan ana batun karɓa-karɓa. Ta Birtaniya kuwa kwanakin rabuwa da gida take ƙirgawa, ta sa iyakar kwana 660 a cikin kowane wata 36. Wannan ma'auni ya fi dacewa da mu. Sojan da matarsa da 'ya'yansa suke Jekadafari ko Pantami a Gombe, ko Yalwa a Bauchi, idan aka sauke shi daga jirgi aka ba shi ofis a Apapa, har yanzu akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000 tsakaninsa da su. Idan ya samu hutun mako ɗaya, zuwa da dawowa a mota sun cinye wajen rabinsa. Ya kwaso iyali zuwa Legas kuwa sai ya samu ɗaki a bariki, ko ya iya kuɗin hayar can, sannan ga makarantar yara da za a katse, ga tsofaffin iyaye da aka bari. Abokin aikinsa ɗan Badagry da ke tebur ɗaya da shi gida ya dawo, shi kuwa wurin kwana kawai ya canza. Samfurin da ya rubuta su biyun a layi ɗaya ya yi kuskure a kan ɗayansu, kuma zai yi kuskure wajen hasashen wanda zai fara neman fita. Ka ƙara ma'auni na uku, wato kwanakin da soja ke yi nesa da iyalinsa a shekara, ka gwada abin da zai faru idan aka ba irin wannan soja fifiko a guraben Abuja ko Kaduna ko Lokoja a wa'adinsa na tudu.

Hanyoyin gyara ba su da yawa, kuma kowace za ka iya gwada ta a samfurinka. Ana iya buɗe wa sana'o'in da teku ta fi cinyewa guraben tudu na gama-gari, kamar koyarwa da tsaron sansani da ɗaukar kurata. Ana iya biyan alawus na musamman ga wanda ya yarda da kansa ya ƙara wa'adi a jirgi, kamar yadda Amurka ke yi, domin wanda ya zaɓa ba ya ɗaukar abin kamar wanda aka tilasta wa. Ana iya ba jirgi ɗaya tawaga biyu masu karɓar juna, abin da Amurka ke yi tun farkon shekarun 1960 a jiragenta masu tafiya ƙarƙashin teku ɗauke da makamai masu linzami, amma wannan yana ninka guraben teku, don haka sai jirgin da tsayuwarsa ta fi albashin tawaga ta biyu tsada. A 2008 rundunar ruwan Amurka ta sauya tsarinta, ta daina ɗaure wa'adi da muƙami, ta koma yanka wa kowace sana'a tsawon wa'adinta na farko da na biyu da na uku, ta sa iyakar wata 60 a teku, wa'adin tudu kuma galibi wata 36. Tunanin da ke bayan wannan shi ne irin lissafin da muka yi a sama na bin rayuwar aikin soja daga farko zuwa ƙarshe.

Batun alƙaluma, kada ka nemi bayanan ma'aikatan wata runduna ta bayan fage, kada kuma ka sa yayanka cikin matsala da neman takardun ofis. Ka yi aiki da alƙaluman da ka ƙirƙira, ka faɗa a fili cewa na gwaji ne, ka nuna yadda sakamako ke motsawa idan ka motsa kowannensu. Makarantar gaba da digiri ta sojojin ruwan Amurka da ke Monterey tana sakin binciken ɗalibanta kyauta a intanet, kuma akwai da dama a kan tsara ma'aikata, za su nuna maka yadda ake shimfiɗa irin wannan aiki.

Sauran abu ɗaya da ake yawan mantawa, shi ne lokacin sauyi daga tsohuwar ƙa'ida zuwa sabuwa. A ce an samar da guraben tudu, aka sanar da rage wa'adin teku daga wata 48 zuwa 36 daga ranar ɗaya ga wata. Cikin mutum 600 da ke jirage, kashi ɗaya cikin huɗu, wato 150, sun riga sun wuce wata 36, kenan dukansu sun cancanci sauka a rana ɗaya, alhali a da mutum 12 ko 13 ake saukewa a wata. Babu masu karɓarsu da yawa haka, idan kuma aka kakkaɓo su daga tudu da makarantu aka tura gaba ɗaya, to su ma bayan wata 36 tare wa'adinsu zai cika, cunkoson ya sake dawowa, ya kuma ci gaba da dawowa shekaru da dama kafin ya lafa. Lissafin daidaituwa na Little ba ya ganin wannan, sarƙar Markov mai zango-zango ce ke nuna shi. Ka gwada sauyin tashi ɗaya, ka gwada rage wata ɗaya a duk bayan wata uku har shekara 3, ka zana yawan guraben teku da babu kowa a kowane zango na hanyoyin biyu a kan takarda ɗaya, ka sa wannan zane a babin sakamakon bincikenka.